Minti 40 Ɗin Nan Na Kowa Ne

Duk wanda ya tsaya bakin babban titin da ya ratsa Tambuwal, wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, daga misalin ƙarfe takwas saura na safe, zai ga ɗalibai kashi biyu. Kashin farko suna sauri, jaka a baya, wasu a kan keke, wasu bibbiyu a kan kabu-kabu. Kashi na biyu ba sa bayyana sai hantsi ya dubi ludayi. Su ne masu tafiyar hawainiya: a tsaya wurin mai ƙosai, a tsaya kallon motar da ake loda wa buhuna, a jira aboki ya gama wanka. Kafin su kai ƙofar makaranta an watse daga taron safe, an kira suna, malamin darasin farko ya cika rabin allo.

Yaron da ya makara yana ganin kansa kaɗai ya cuta, in ma ya yarda an cutu. Amma a dubi abin da ke faruwa daga sa'ad da ya tsaya bakin ƙofa. Zai yi sallama, aji ya amsa. Malam zai dakata da alli a hannu ya tambaye shi dalili. Sai a matsa masa wuri a benci, mutum huɗu su motsa, littafin wani ya faɗi, wani ya yi tsaki, na baya su yi dariya. Da ya zauna zai taɓa na kusa da shi ya ce, "Ina aka kwana?" Kafin malam ya koma kan jimlar da ya bari, minti biyu ko uku sun wuce, kuma ba daga aljihun mai makara kaɗai suka fita ba. Daga aljihun mutum 60 ko 70 suka fita, har da yarinyar da ta tashi tun asuba ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta tako daga ƙauye don kada ta rasa farkon darasi.

Ɗana, ɗiyata, wannan ne abin da dokokin makaranta suke tsaro, ko da ba kowane malami ne ke tsayawa ya bayyana shi ba. Darasi guda a sakandare galibi minti 40 ne. Minti 40 ɗin nan kamar rijiyar unguwa suke: kowa da gugarsa, amma ruwan ɗaya ne, kuma wanda ya jefa ƙasa a ciki ba nasa rabon kaɗai ya gurɓata ba. Zuwa da wuri, ɗaga hannu kafin magana, zama a wurin da aka ajiye mutum, shigowa da biro da littafi, duk ba don a nuna wa yaro iko aka kafa su ba. An kafa su ne don ruwan ya ishi kowa.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan aji ɗaya ma zai iya yin sa. Idan a kowane darasi minti 10 suna tafiya wajen jiran masu makara, da tsawatar wa masu surutu, da neman aron biro, to kashi ɗaya cikin huɗu na karatun ya tafi. Shekarun sakandare 6 ne, uku a ƙarama, uku a babba. Kashi ɗaya cikin huɗu na shekara 6 shekara ɗaya da rabi ke nan. Ajin da ya saba da haka zai shiga ɗakin jarrabawar NECO ko WAEC da karatun shekara huɗu da rabi, ya zauna amsa takarda ɗaya da ajin da ya ci shekara shidansa cif. Mai duba takarda a can inda yake bai san wa ya yi surutu ba, bai san wa aka yi wa surutu ba. Maki kawai yake bayarwa.

Abin da ya sa maganar ta fi nauyi a Tambuwal da Kebbe shi ne, tun kafin ɗalibi ya ɓatar da ko minti ɗaya da hannunsa, an riga an ci wa karatunsa rabo mai yawa. A ƙarshen watan Maris na 2020 cutar korona ta sa an rufe makarantun ƙasar nan, aka kwashe watanni ana zaune a gida. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga ranar 26 ga Fabrairu, 2021, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a Zamfara. Tun kafin haka ma, a watan Disamba na 2020, gwamnatin Jihar Sakkwato ta riga ta rufe makarantun kwana 16 da ke yankunan da ake fargaba, cikinsu har da Sakandaren Gwamnati ta Kebbe da firamaren kwana ta Jabo. A ranar 17 ga Yuni, 2021, aka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wadda hanyarta ta nan take bi, kuma wasu daga cikin 'yan matan da aka ɗauka ba su dawo gida ba sai 2023. Yayye da yawa na masu karanta wannan rubutu sun ɗanɗani wannan zamani: an mayar da su wata makaranta, ko sun zauna gida zango guda, wasu kuma daga nan ba su sake komawa ba. Yaro ba shi da iko a kan ɗan bindiga, ba shi da iko a kan annoba, ba shi ne zai gina sabon aji ko ya ɗauki sabon malamin lissafi ba. Abin da ya rage a hannunsa shi ne mintocin da suka tsira, kuma abin tausayi ne a ga an kuɓutar da su daga bakin kura sannan mai su ya zubar da su da kansa.

Akwai abin mamaki da duk mai lura zai gani a garuruwan nan. Yaron da ke miƙe ƙafa a kan benci da safe, yana jifan abokinsa da takarda malam na tsaye, shi ne da yamma zai cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa ya gaida malamin Islamiyya, ya naɗe ƙafa, ya riƙe allonsa ko littafinsa da hannu biyu. Ba wanda ya rubuta masa doka a bango. Ya san ba a ƙetare allo, ba a katse malam, ba a tashi sai an sallami mutum. Ashe ladabin yana nan, a gida aka haife shi da shi. Abin da ya faru shi ne an raba masa ilimi gida biyu, an ce wannan na Allah ne, wancan na boko ne, sai ya ɗauka na biyun bai cancanci a naɗe masa ƙafa ba.

Magabatan wannan ƙasa ba su san wannan rabon ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, nan kusa da Boɗinga, daga wajajen 1810 zuwa 1815, kuma aikinsa a can karantarwa ne da rubutu. Ɗansa Muhammadu Buhari, wanda aka damƙa wa riƙon Tambuwal, malami ne kuma mawallafin waƙoƙin Larabci, ba jarumin yaƙi kaɗai ba. Ɗan'uwan Buhari, Muhammadu Bello, ya yi rubutu har a kan magunguna. Nana Asma'u ta tsara 'yan taru, inda jajoji ke jagorantar matan ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. A zaurukan ƙasar Hausa har yau ana karanta Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, littafin da gaba ɗayansa a kan yadda ɗalibi zai zauna da malaminsa da littafinsa da abokan karatunsa yake. Malamai kuma suna yawan ba da labarin mahaifiyar Imamu Malik, da ta shirya shi zuwa wurin malaminsa Rabi'a ta hore shi ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa. Wanda ya gaji wannan gado bai kamata ya jira a koya masa zaman aji daga wata ƙasa ba. Malamar da ke koya masa yadda jini ke zagaya jiki, da malamin da ke koya masa raba gado a fiƙihu, duk abin da bai sani ba suke ba shi, kuma lissafin da zai raba gadon da shi a allon boko ake koyar da shi.

Sai dai a nan akwai wani kuskure da yaran kirki suka fi faɗawa, kuma ya fi surutu wuyar ganewa domin kama da ladabi yake. Shi ne shiru. Malam ya gama bayani ya ce, "Kun gane?" Aji ya amsa baki ɗaya, "Mun gane!" Alhali in da za a bi su ɗaya bayan ɗaya, rabinsu tun daga layi na biyu suka ɓata. Ɗiyata, wannan ya fi shafar ki, domin an tarbiyyantar da ke da kunya, kuma kunya ado ce. Amma kunyar da aka yabe ki da ita ta kauce wa abin ƙi ce, ba ta ɓoye rashin sani ba. Matan Madina an yabe su ne saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shige musu duhu a addini ba. Matambayi ba ya ɓata. Yarinyar da ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a maimaita daga inda aka mayar da lambar ɗaya ɓangaren," ta yi wa mutum ashirin aiki, waɗanda suke da tambayar a maƙogwaro suka kasa furtawa. Malami na gari kuwa ba abin da ke faranta masa rai kamar wannan, don ta nan yake sanin inda zai dafa.

Me ke hana tambaya? Dariya. A azuzuwa da yawa, da yaro ya tashi karanta Turanci ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya, sai aji ya ɗauka, a laƙaba masa kalmar ta zama sunansa har ya gama makaranta. Daga ranar ya rufe bakinsa. Masu dariyar ba su fi shi iyawa ba, sun dai fi shi iya ɓoyewa. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan ba tare da an ci fuskar kowa ba: gwaje-gwajen karatu da aka yi wa 'yan ƙananan azuzuwan firamare a Jihar Sakkwato a shekarun baya sun nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Wannan ne ya sa aka shigo da littattafan Mu Karanta a firamaren Sakkwato da Bauchi ƙarƙashin wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta tallafa wa daga 2015. Ma'anar haka ita ce, a cikin ajin ƙaramar sakandare akwai yaran da suka iso ba tare da karatu ya zauna musu ba, kuma ba laifinsu ba ne. Irin wannan yaro hanya biyu ce gabansa. Ko dai ya sami ajin da zai iya yin kuskure a cikinsa ba a yi masa ihu ba, ya gyaru cikin zango biyu ko uku, ko kuma ya koma bencin baya ya zama shugaban masu surutu, don wanda ba ya fahimtar abin da ake yi dole ya nemi abin da zai yi. Sau da yawa fitinannen aji yaro ne da ke ɓoye cewa bai iya karatu ba. Abokan zamansa ne ke zaɓa masa hanyar da zai bi, da dariyarsu ko da haƙurinsu.

Bencin baya kuma yana da nasa sarauta. A ajin da mutum huɗu ko biyar ke matse a benci ɗaya, wasu a kan tabarma, ga zafin watan Afrilu da kan haura digiri 40, ba fanka, muryar malam da ƙyar take kai wa bango. Hira ƙasa-ƙasa ta mutum uku ta isa ta toshe kunnen layi biyu. Wake ɗaya ke ɓata gari. Yaron da ya san idonsa ba ya ganin allo daga nesa, ko kunnensa ba ya ji sosai, ya gaya wa malamin aji a dawo da shi gaba, wannan ba abin kunya ba ne. Wanda kuma ya lura duk ranar da ya zauna kusa da wane ba ya tashi da komai a littafi, ya canza wuri, su haɗu in an fita tara. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abota ba ta mutuwa don an raba benci.

Fashi kuwa a wannan yanki yana da lokutansa, kowane malami ya san su. Ranar kasuwa aji kan rage. Da damina ta sauka, lokacin shuka da noman fari, ya ƙara ragewa. Da kaka, sa'ad da ake yankan gero da dawa da girbin shinkafa a fadama, wani ajin sai ka ƙirga mutanensa da yatsu. 'Yan mata kuma talla ce ke ɗauke su, ko rainon ƙanne in uwa ta tafi biki. Mai wannan rubutu ba zai ce wa ɗan manomi ya bar mahaifinsa shi kaɗai a gona ba, don daga gonar nan ake sayen kayan makaranta da littafin. Amma akwai bambanci tsakanin yaron da ya je ya shaida wa malamin aji cewa kwana uku zai yi a gona, ya dawo ya ari littafin abokinsa ya kwafe abin da ya wuce shi a daren, ya zo da tambayoyinsa, da yaron da ya ɓace kawai ya dawo ya zauna kamar ba abin da ya faru. Karatu irin lissafi da kimiyya kamar ginin tubali ne, in layi ɗaya ya tsallake, duk abin da aka ɗora a sama karkacewa zai yi. Kuma iyaye da yawa, in yaro ya zauna da su cikin ladabi ya nuna musu jadawalin gwaji, sukan yarda a mayar da aikin zuwa yamma ko Asabar. Yawanci ba a taɓa tambayar su ba ne. Akwai kuma fashin da ba gona ba kasuwa: a fito daga gida da kayan makaranta, a ƙare a gidan kallon ƙwallo ko bakin tasha. Wannan uwa ce ake yaudara, wadda ta ba da kuɗin tara daga cinikin ƙuli-ƙulinta tana zaton ɗanta na aji.

Waya ta zo ta ƙara nata. Yaro na ganin in ya sa ta a ƙarƙashin tebur ya leƙa sau ɗaya bai yi komai ba. Amma hankalin ɗan Adam ba ya dawowa nan take kamar yadda ido ke dawowa kan allo, kuma na hagu da na dama duk sun leƙa tare da shi. Ƙasashen da suka fi mu wayoyi da intanet sun riga sun gane haka. Faransa ta kafa dokar hana amfani da waya a firamare da ƙananan sakandarenta tun 2018, kuma rahoton hukumar UNESCO na 2023 ya ja hankalin ƙasashe kan yadda waya ke raba hankalin ɗalibi a aji. Makarantar da ta ce a bar waya a gida ko a miƙa ta ofis ba ƙauyanci take yi ba. Mafi muni shi ne ɗaukar hoton malama ko abokiyar karatu ba da saninta ba a watsa a WhatsApp. A gari kamar Kebbe ko Dogon Daji ko Sanyinna, inda kowa ya san gidan kowa, hoto ɗaya ya isa ya sa uba ya cire ɗiyarsa daga makaranta, kuma wanda ya ɗauka da sunan wasa ba zai iya mayar da ita ba.

Daga kwafar aikin gida ake fara satar amsa. Da safe kafin a buga ƙararrawa za ka ga littafi ɗaya a tsakiya, mutum shida sun kewaye shi suna kwafa, har da kuskuren mai shi. Malam ya karɓa ya ga kowa ya ci, sai ya ɗauka an gane, ya wuce gaba. Ajin ya yaudari mutumin da ya zo taimakonsa, kamar majinyacin da ya ɓoye wa likita inda ke masa ciwo. Daga nan sai gwaji, daga gwaji sai jarrabawar ƙarshe, inda ake haɗa kuɗi a nemi wanda zai rubuta amsa a allo. Dokar hukunta maguɗin jarrabawa ta 1999 tana nan, kuma duk shekara hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon dubban ɗalibai, wani lokaci na makaranta sukutum, mai laifi da marar laifi. Ko an tsira daga wannan, kayan aro ba ya rufe katara. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta, kowa da allonsa, agogo na tafiya. Yarinyar da ke burin shiga kwalejin koyon aikin jinya da ke nan Tambuwal tana buƙatar kiredit biyar, Turanci da lissafi da darussan kimiyya uku. In da sata ta same su, ranar da aka miƙa mata allura aka ce ta auna magani gwargwadon nauyin jariri, ba wanda zai rubuta mata amsa a allo. Jaririn kuma na wata mata ce daga Kuchi ko Romon Sarki, wataƙila ma 'yar'uwarta.

Ga manyan ɗalibai, musamman a makarantun kwana irin Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Tambuwal da sauran na jiha, akwai amanar da ba a cika faɗa musu nauyinta ba. Wanda aka ba shugabancin ɗalibai ko na ɗakin kwana an ba shi ne ya sauƙaƙa wa malamai, ba ya mayar da ƙananan yara bayi ba. Yaron da ya kwana wankin kayan siniya, ko aka ƙwace masa garin kwaki da sukarin da uwarsa ta ƙulla masa, gobe a aji gyangyaɗi zai yi ko tunanin yadda zai kuɓuta da dare. Masu cewa "mu ma haka aka yi mana" su tuna yadda suka ji a lokacin. Babba juji ne, in ji Hausawa, ba bulala ba. Haka kuma benci da taga da ƙofa: wanda aka karya yau, ƙanen mai karyawar ne zai zauna a ƙasa baɗi, domin ba kowace shekara ake kawo sababbi ba. A Japan ɗalibai ne da kansu ke share azuzuwansu da harabar makaranta kowace rana, 'ya'yan masu kuɗi da na talakawa, kuma ba a ɗauke shi horo ba. Sharar safe da ake sa yaranmu ita ma haka take, in an yi ta da zuciya ɗaya.

Adalci ne a ce ba kullum laifin daga ɗalibi yake ba. Akwai malamin da ba ya zuwa, akwai mai zuwa ya ba monita littafi ya kwafa a allo ya fita, akwai mai duka fiye da kima, akwai mai zagin iyaye. Gwamnatin jiha da kanta ta amsa cewa ilimi na cikin matsala sa'ad da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a ƙarshen 2015. Yaron da aka zalunta ba a ce ya haɗiye ba. Amma rama wa malam magana a gaban aji, ko haɗa kai a yi masa ihu, ko tare shi a hanya, bai taɓa gyara komai ba, sai dai ya mayar da mai gaskiya mai laifi. Akwai malamin aji, akwai shugaban makaranta, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, akwai kwamitin kula da makaranta da ya ƙunshi dattawan gari. Yarinyar da wani malami ko ɗalibi ya yi mata maganar banza kuwa, kada ta kwana da ita a ciki: ta gaya wa mahaifiyarta ko wata malama da ta amince da ita a ranar. Wannan ba rashin kunya ba ne, kare kai ne da kare waɗanda ke bayanta.

Yana da kyau yaran wannan yanki su san cewa benci irin nasu ya fitar da mutane. Alhaji Shehu Shagari, daga garin Shagari da ke kan wannan titi, a elementare ta Yabo ya fara, ya wuce Midil ta Sakkwato, ya tafi Kwalejin Kaduna, ya dawo ya riƙe alli yana koyar da kimiyya, ya yi hedimasta a Argungu, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Aminu Waziri Tambuwal a firamaren garin nan ya yi karatu, ya sami shaidar malanta a Kwalejin Horon Malamai ta Dogon Daji a 1984, ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 2011, sannan gwamna daga 2015 zuwa 2023. Ba kowa zai yi mulki ba, kuma ba don mulki ake karatu ba. Amma likitan da babban asibitin gari ke nema, da malamar kimiyyar da makarantun 'yan mata ke ƙishirwa, da malamin gona da zai duba cutar albasa, duk a irin waɗannan azuzuwa suke zaune yanzu, in an bar su sun ji abin da malam ke faɗa.

Wurin da ake gane halin aji shi ne sa'ad da aka buga ƙararrawa malam bai shigo ba. Wani ajin nan take zai koma kasuwa: masu kokawa, masu buga tebur, masu leƙen taga, har hayaniyarsu ta hana ajin da ke maƙwabtaka da su karatu. Wani ajin kuma monita zai fara zuwa ɗakin malamai ya tuna wa mai darasin cikin ladabi. In bai same shi ba ya dawo ya ɗauki alli, ya rubuta tambayoyi uku daga darasin jiya ko daga tsofaffin takardun jarrabawa. Wanda ya iya ta farko ya fito ya yi, a yi gardama a kan ta biyu, ta uku ta gagari kowa a bar ta a gefen allo a rubuta "kada a goge". Washegari malam ya shigo, ya ga tambayar tana jiran sa, ya ajiye littafinsa a kan tebur, daga nan ya fara.